Kuka Ta Zaune

Shekara talatin da huɗu Direba ya yi yana jan babbar mota, kuma ko yau aka tayar da inji a bayan katanga zai gaya maka abin da ke damunsa. Amma ka shiga da shi kicin ɗin gidansa ka ce ya nuna maka inda ake ajiye ashana, sai dai ku wuni kuna nema. Kicin na matarsa ne. Kwandasta yake ce mata tun suna da ƙuruciya, don ba ta taɓa zama a gefensa cikin mota ta bar shi ya yi tuƙinsa lafiya ba: ga rami, ga mai keke, rage gudu, ka wuce kwanar. Ita ma ta bi sahun mutane tana ce masa Direba, har sunayen gaskiyar suka kwanta.

To Kwandastar ce yanzu wata biyu a asibiti. An yi mata aiki a baya, likitoci suka ce aiki ya yi kyau, ƙafafu kuma suka ce su dai sun gama nasu. Hannu lafiya lau, baki kuwa har ya fi da. A kan keken marasa lafiya za ta fita daga asibitin, kuma maganar gidan da za ta nufa ita ce ta hana Direba sakat. 'Yarsu da ke jinyarta ta riga ta gyara mata ɗaki a gidan mijinta, a wani gari mai tafiyar awa huɗu. Shi kuwa da girmansa ba zai kwashi tsummokaransa ya tare a gidan suruki ba.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji 'yar, tana ninke zanin gado. "Ko shayi ba ka iya haɗawa. Wa zai kula da ita?"

"Ni ba kula nake nema ba," Kwandasta ta ce daga kan gado. "Gidan da ba zan ɗora tukunya in sauke ba, ba gidana ba ne, masauki ne. In kuwa masauki ne, gara na 'yata, ita ta san gishiri."

Aka tsayar da magana: ranar Asabar ta sama za a sallame ta, su biya ta gida ta kwashi kayan sawarta, su wuce. Direba kuwa tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a kan hanya ba. Kwana goma gare shi.

Da ya koma gida ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon kukar gas ɗinta. Fara ce a da, mai kai huɗu, tsaye da ƙafafunta a jikin bango, da oben na gashi a cikinta wanda murfinsa sai an soka masa kwali yake rufuwa. Shekara da shekaru abin da yake gani ke nan in ya leƙo: bayan matarsa, a tsaye, a gaban wannan abu. Nan dabara ta faɗo masa. Wannan ai ta mai tsayuwa ce. Abin da ake bukata yanzu shi ne ta mai zama.

Washegari ya nufi layin masu sayar da kayan kicin, yana tafe yana bitar yadda zai yi bayani. Abin ya yi masa nauyi. Shi mutum ne da ko sunan matarsa bai taɓa faɗa a gaban wani namiji ba, balle ya baje ƙafafunta a tsakiyar kasuwa. Kalmar keken nan ma, tun da likita ya faɗe ta, ba ta taɓa fita daga bakinsa ba.

Mai shagon da ya shiga irin mutanen nan ne da ke amsa tambaya kafin a yi ta.

"Sannu da zuwa, Baba. Kuka ce? Wace iri? Akwai mai tsayuwa, akwai ta zaune."

Direba ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ashe abin har suna gare shi!

"Ta zaune," ya ce da sauri. "Ita nake nema. Ashe ana yin su?"

"Ana yi mana! Yanzu ma ita ake yayi. Gida goma, bakwai ta zaune ce."

Direba ya jinjina kai, ya ce a ransa ashe masu lalura suna da yawa haka a garin nan, Allah ya ba kowa lafiya.

Abin da bai sani ba, kuma bai tambaya ba, shi ne a bakin masu wannan sana'a mai tsayuwa ita ce wadda ke tsaye da ƙafarta a ƙasa, ta zaune kuwa ita ce marar ƙafa, wadda ake huda dutsen saman kantar kicin a zaunar da ita a ciki. Kukar ce ke zama. Mai girkin ba wanda ya yi zancenta.

Mai shago ya jawo wani faffaɗan kwali ya buɗe. Wani baƙin faranti ne na gilashi, da kai huɗu, da maɓallai a jere a bakinsa.

"Ina sauran?" in ji Direba.

"Ita ke nan."

"Cikin fa? Inda ake gashi?"

"Oben daban ake sayensa, daban ake sa shi, a jikin kabad. Madam ta gama sunkuyo har abada."

Wannan ta yi wa Direba daɗi, don likita ma ya hana sunkuyo. Ya gyara murya, ya dubi silin ɗin shagon.

"Ka gane, iyalin nawa... tsayuwar ce take ɗan ba ta wahala."

"Ai shi ya sa na ce ta zaune! Wannan ba wahala, latsawa ɗaya ta kama."

Direba ya fito yana jin ya faɗi komai, mai shago kuma yana jin ya ji komai.

Kafintan da mai shago ya turo ya iso ranar Talata, fensir a kunne, tef ɗin awo a ƙugu. Ba shi da yawan magana. Ya kafa tef a ƙasa, ya ja shi sama, ya yi layi a bango.

"Casa'in."

"Casa'in ɗin me?"

"Santimita. Haka ake yi ko'ina."

Direba ya matso ya gwada layin da jikinsa. Daidai bel ɗinsa, inda tsohuwar kukar take kaiwa.

"Malam, bai yi sama ba? Ta zaune ce fa."

"Na sani. Wannan gidanta ne. In dutse ya hau aka huda, sai ta sauka ciki."

"Za ta sauka ke nan?"

"Za ta sauka ta zauna daram."

To, tunda za ta sauka. Direba ya ja baya. Shi ma a zamaninsa ba ya son fasinja mai yawan tambaya.

Daga nan kansa bai ƙara warwarewa ba. Mai gas ya zo ya ce silinda ba za ta zauna a gefe kamar da ba, sai an huda bango an fitar da ita baya an jawo tiyo. Yana cikin huda ya ɗago ya tambayi ina soket.

"Soket na me? Ba gas ba ce?"

"Gas ce, Baba, amma tana son wuta."

"Wutar ba ita take bayarwa ba?"

"Wannan wutar daban, waccan daban. Oben ɗin kuma wuta ce zalla, ba ruwansa da ni."

Aka kira mai wuta, ya ce kafinta ya toshe masa hanyar waya. Kafinta ya ce a tambayi mai gas. Mai yankan dutse ya zo da injinsa ya cika gidan da farar ƙura, aka ɗauko kukar za a zaunar, ramin ya gaza da faɗin yatsa. Ya ce awon kafinta ne, kafinta ya ce takardar cikin kwali ce, takardar kuma aka neme ta aka samu mai gas ya goge hannu da ita. Duk wanda ya yi magana sai Direba ya ga shi ne mai gaskiya, har sai na gaba ya buɗe baki.

Ranar da aka jawo tsohuwar kukar daga jikin bango, aka tsinci cokula uku a bayanta, da murfin wata tukunya da Kwandasta ta shekara tana zargin maƙwabciya da shi. A gefen kukar na dama fentin ya goge har ƙarfe ya fito yana ƙyalli, daidai inda take jingina ƙugunta in tana jiran tafasa. Direba ya ɗan daɗe yana kallon wurin. Mai gas ya tambaya ko ana son tsohuwar, Direba ya ce ya ɗauka, don ba ya son ta dawo ta ga abin da zai tuna mata da tsayuwa.

Kullum da yamma yana zuwa asibiti, kullum sai ta ƙare masa kallo.

"Direba, me kake ƙullawa? Ga farar ƙura har a girarka."

"Hanya ce."

"Wace hanya ce ke warin gam?"

Sai ya shiga tambayar 'yar ko an kawo magani.

Ranar Juma'a da la'asar aka gama. Gaskiya kicin ya yi kyau, sai ka ce na cikin talabijin. Dutse baƙi sumul, kukar ta lafe a cikinsa ba ko tudu, ƙofofin kabad farare a ƙasanta, oben kuma can a jikin doguwar kabad yana kallon mutum ido cikin ido. Kafinta ya fita tsakar gida yana haɗa kayan aikinsa. Direba ya tsaya a gaban kukar, ya ga har yanzu tana daidai bel ɗinsa.

Ya jira kaɗan. Sannan ya sunkuya ya laluba ƙarƙashin dutsen, ko akwai wani ƙarfe da ake ja irin na kujerar mota. Babu. Ya buɗe kabad ya leƙa, tiyo ne kawai da waya. Ya latsa maɓalli na farko, abu ya ce tak-tak-tak, wuta ta tashi, kuka ba ta motsa ba. Ya bi sauran ukun ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauko ɗan littafin da ya zo da ita, ya tarar da harsuna sun fi goma, da hoton hannu, da hoton wuta, da hoton hannu a kan wuta an soke shi da jan layi. Ba hoton mai zama ko ɗaya.

Ya ɗora tukunya a kai, ya jawo kujera daga falo, ya zauna. Gwiwoyinsa suka daki ƙofar kabad tun bai matso ba. Ya ɗaga kai, jikin tukunyar ne a saitin hancinsa, bakinta yana sama da idonsa. Ya waiwaya wajen oben, ya miƙa hannu iya miƙawa, yatsunsa suka tsaya a ƙasan murfin.

"Malam kafinta!"

Kafinta ya shigo da guduma a hannu. Direba ya riga ya kira mai shago ya buɗe muryar wayar.

"Yaushe za ta sauka?"

"Ta sauka ina, Baba?" in ji mai shago ta waya.

"Ƙasa! Ba ta zaune na saya ba?"

"Ita aka ba ka. Kafinta, ba ta zauna ba ne?"

"Ta zauna daram," in ji kafinta. "Ko takarda ba ta shiga gefenta."

"To ka ji, Baba. Ko kala ce ba ta yi ba?"

"Ga ni a zaune ba na ganin cikin tukunya!"

"To ai sai ka tashi, Baba."

Nan abin ya ɓalle masa.

"Ba za ta iya tashi ba! Ba kukar ce a zaune ba, mutum ne! Matata ce. A keke take, ba za ta ƙara tsayuwa ba."

Shi kansa Direba sai da ya ji maganar ta dake shi, don yau ya fara jin ta da muryarsa. Mai shago ya yi ta salati a waya. Kafinta ya ajiye gudumar a hankali, ya zare fensir daga kunne ya tsaya yana juya shi.

"Haba Baba," ya ce. "Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ka faɗa min, saba'in da biyar zan yi, in bar ƙasan fayau ƙafa ta shige, oben ya dawo nan daidai hannu. Na taɓa yin irinsa."

"To a yi yanzu."

"Dutsen an kama shi da gam. Sai an yanka, a sauke, a sake ramin tiyo, a sake waya. Ko na bar duk aikin da ke gabana, kwana goma."

"Gobe za ta zo."

Aka kira mai gas ko tsohuwar tana nan, ya ce ai tun shekaranjiya ya kwance ta ya gyara wasu biyu da kayanta. Kafinta ya ce kash, ita waccan ma oben ɗinta a ƙasa yake, da ya yi mata daidai. Da ya ga fuskar Direba sai ya mayar da fensirinsa kunne ya fita.

Asabar da hantsi motar 'yar ta tsaya a ƙofar gida, jakar asibiti a kujerar baya. Su biyu suka taimaka wa Kwandasta ta koma kan keken, Direba ya kama hannayen turawa.

"A hankali, ga dandamali. Hagu. Hagu na ce. Wai kai da me aka ba ka lasin?"

'Yar ta wuce ɗaki don kwaso kaya. Kwandasta ta shaƙi iska sau biyu, ta ce a kai ta kicin. Ya so ya ce ta huta tukuna, amma ya san aikin banza ne. Ya tura ta har bakin ƙofa.

Ta daɗe tana kallo. Ta dubi dutsen, ta dubi oben can sama, ta dubi jikin bangon da babu komai a wurin da ta saba gani.

"Ina kukata?"

"Na kyautar."

"Ka kyautar."

"Waccan mai tsayuwa ce. Wannan ta zaune ce. Wato ni na ɗauka ke ce a zaune, ashe su kuma ita ce a zaune. Kafintan ya ce za ta sauka, ta kuma sauka, amma ciki ta sauka ba ƙasa ba. Saba'in da biyar ya kamata, aka yi casa'in. Gas ce amma tana son wuta..."

'Yar, wadda ta dawo ta tsaya a bayansu da zannuwa a hannu, ta ce, "Baba," ta kasa ƙarasawa. Ita ma ba ta san ko dariya za ta yi ba ko me.

"Matsar da ni," in ji Kwandasta.

Ya tura ta, gwiwoyinta suka taɓa ƙofar kabad tun tana nesa da kukar. Ya ji kamar nasa ne aka buge.

"Koma baya. Kai ba direba ba ne? Yi fakin da ni ta gefe."

Ya ja baya, ya karya, ya shigar da keken ya jera da kantar, sau ɗaya ba gyara. Yanzu hannunta na dama yana kan dutsen. Ta shafa shi, ta kai yatsa kan maɓalli, tak-tak-tak, wuta ta kama. Ta rage, ta ƙara, ta rage.

"Hm," ta ce. "Miƙo min ƙaramar tukunya. Ba wannan ba, wannan ta ruwan zafi ce. Mai. Albasa biyu, da wuƙa, da faranti."

Ya yi ta buɗe kabad yana rufewa har 'yar ta nuna masa da baki. Kwandasta ta ɗora faranti a cinya ta yanka albasar cikin ƙiftawar ido, ta ɗaga hannu ta juye a tukunya. Mai ya ce cuu. Ta kama ludayi tana juyawa, hannu a sama kamar mai shanya. Ta miƙa wuya, ta ƙara miƙawa, gefen tukunya kawai take gani. Sai ta daina juyawar. Direba ya ga kafaɗunta sun sauka, ya ga ta dubi 'yar, kuma ya san abin da za ta ce. Bai san lokacin da ya matso ya leƙa tukunyar ba.

"Tana nan," ya ce. "Ba ta ƙone ba."

Ta ɗago ta dube shi.

"Me kake gani?"

"Albasa."

"Na san albasa ce, ni na zuba! Wace kala?"

"Fara. A'a, ba fara ba. Kamar... kamar man inji."

"Sabo ko wanda ya yi tafiya?"

Ya ƙara leƙawa da kyau, don wannan tambaya ce da ya san amsarta.

"Sabo, daga galan."

"To da saura." Ludayin ya ci gaba da juyawa. "In ya fara tafiya ka gaya min. Kar ka bari ya kai na juyewa."

Ita tana saurare da kunne, shi yana kallo da ido, ƙamshi ya fara korar warin gam. 'Yar ta gyara riƙon zannuwan.

"Umma, wace jaka zan zuba waɗannan?"

"Mayar da su inda kika ɗauko. Ki shigo min da ta cikin motar."

"Umma, kafintan fa sai nan da kwana goma, in ji Baba."

"Ya zo lokacin da ya ga dama. Wa zai bar wannan mutumin shi kaɗai da gas mai son wuta?"

'Yar ta fita. Direba ya ƙura wa tukunyar ido. Daɗi ne ya yi masa yawa, da kunya, da tausayinta, duk suka taho lokaci ɗaya, sai ga tsoho mai furfura yana hawaye shaɓe-shaɓe a kan tukunya.

"A'a," in ji Kwandasta. "Ka sayo kuka, kuma ka zo kana yi min wani? Ɗaya ta ishi kicin ɗin nan. Mai tsayuwa ka kyautar, ko? To sai ka tsaya a madadinta. Me kake gani?"

Ya goge ido da hannun riga, ya gyara tsayuwa, ya jingina ƙugunsa da gefen kantar, ya leƙa.

"Ya fara tafiya."

"Miƙo tumatir."